Motar kamfani ce, ramin hanya kuwa nawa ne

Duk wanda ya ga Golf GTI ɗin nan a ƙofar gidana a Garwa, tambayarsa ba ta wuce nawa take sha. Ni kuwa in aka bar ni da kuɗin fetur kaɗai, da na yi sadaka don godiya. Taya ce ta cinye ni, kuma har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Haya na ɗauke ta ta shekara uku, tsarin da 'yan ofis ke kira crédit-bail, wanda Kamaru ta yi wa doka tun 2010. Ka ba da kafin alƙalami, kana biya duk wata, takardun mota na ɗauke da sunan kamfani, a ƙarshe ko ka cika abin da ya rage ta zama taka, ko ka mayar. Masu tambayata hukuncin wannan a addini, don Allah ku nufi malamai, ni ɗan kasuwa ne.

Gudu dai ba a magana. Injin lita 2 ne mai turbo, ƙarfin doki 220, a hawan dutsen Ngaundere ina wuce tireloli masu dakon kaya zuwa Njamena kamar suna tsaye. Sanyin cikinta ma bai taɓa ba ni kunya ba, ko a Afrilu da zafi ke haura digiri 40.

To, ga inda gizo ke saƙar. Lambar da ke jikin tayarta 225/40 R18 ce, ma'ana tsakanin kwalta da janti, ƙarfen da taya ke zaune a kai, roba ce ta santimita 9 kacal. Corolla mai 195/65 R15 tana da kusan 13, Hilux kuwa 17. Ga shi an sauke GTI ƙasa fiye da Golf ta kowa da kowa. Ramin da mai Corolla zai faɗa ya ce subhanallahi ya wuce, ni nan nake kwana. Daminar farko, kusa da Figil a hanyar Marwa, ruwa ya rufe wani rami. Taya ta tsage ta gefe, janti ya lanƙwashe. Mai faci ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Alhaji, wannan ba ta faci ba ce, gefe ba ya ɗaukar faci." Sifiyar da ke but kuma 'yar siririya ce, an rubuta kada a wuce kilomita 80 a awa da ita. Haka na rarrafo gida, 'yan acaɓa na wuce ni suna waige.

Na zaga Garwa kaf ban sami sabuwar taya mai wannan lamba ba. Ta hannu ake samu jefi-jefi, wadda ta gama yawonta a Turai. Sabuwa sai daga Duwala, a sako ta a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, a ɗora wa motar haya. Duk kwanakin da motar ta yi a jingine, kuɗin wata bai jira ni ba. Wannan ne ya fi ci mini rai: ina biyan hayar abin da ke tsaye a kan bulo.

Da motata ce, da an buga jantin a garejin unguwa an wuce wurin. Amma yarjejeniya ta ce a mayar da ita yadda aka karɓa, gyara kuma sai garejin da kamfani ya yarda da shi. Inshorar da suka wajabta mini, wadda ta fi kowace tsada, da na kai musu maganar sai suka ce taya ba ta cikin lissafi. Ma'aikacin kamfanin da ya sa ni sa hannu yana murmushi, ko sau ɗaya bai tambaye ni wace hanya nake bi ba, alhali adireshina na gabansa.

Fetur ma akwai ɗan abin faɗi. Irin wannan inji ba ya son mai gauraye, don haka zuwa-zuwa, fetur ɗin kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya, ban taɓa zuba mata ba, ko lokacin da yake araha kafin a cire tallafi a can a Mayun 2023. Gidan mai nake tsayawa, lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta kai 840 a 2024. Ya yi ciwo, amma ciwo ne da ka san ranar zuwansa. Rami ba ya sallama.

Yayana, wanda ya shekara da shekaru yana tuƙi tsakanin Marwa da Kusiri, shi ya ba ni mafita. Ya tsuguna ya auna tayar da yatsunsa, ya ce, "Ƙanena, ka sa mata janti mai inci 17 maimakon 18." Na rubuta wa kamfani takarda, aka yi ta jeka-ka-dawo kafin su amince, da sharaɗin in adana nasu jantin. Da 225/45 R17 robar ta ƙaru da santimita ɗaya kawai, amma wallahi na ji bambancin a bayana da aljihuna. Na kuma daina tafiyar dare da damina gaba ɗaya.

Wanda duk zai ɗauki irin wannan mota haya a arewacin Kamaru, kafin ya kalli kujera ko fitila, ya tsuguna ya karanta lambar taya, ya je kasuwa ya tambaya ko akwai ta. Sannan ya sa a rubuta masa, a takarda, wa ke biyan janti. Nawa wa'adin ya kusa cika, kamfani ya ce zai turo mai dubawa daga Duwala, kuma tuni aka sanar da ni cewa jantin da ya lanƙwashe za a lissafa shi da kuɗin sabo.