Inda na kai a aikin sanya hayaniya cikin kwaikwayon da'ira

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon lantarki a nan Jidda da kewaye. A wannan makon na ci gaba da aikin da'irar ƙara sauti da nake gwadawa a ngspice, wato manhajar kwamfuta mai kwaikwayon da'irar lantarki, kuma abin da ya ci mini lokaci shi ne hayaniyar da rezisto ke haifarwa saboda zafi, wato ƙaramin boltej mai hawa da sauka ba tsari, wadda masani Johnson ya auna, masani Nyquist kuma ya bayyana lissafinta a 1928.

Umarnin .noise yana lissafa wannan hayaniya bisa firikwensi, amma idan aka koma .tran, wato kwaikwayo mai bin lokaci, rezisto yana fitowa tsaf babu hayaniya ko kaɗan, don haka sai mutum ya jona masa tushen boltej na trnoise, wato mai fitar da lambobin hayaniya bi da bi, a jere da hannunsa. A nan ne nake roƙon ku natsu, domin girman hayaniyar da tazarar lokacin da ake zaɓar sabuwar lamba a ɗaure suke da juna, kuma wanda ya sauya ɗaya bai taɓa ɗayan ba ya riga ya sauya rezistonsa bai sani ba. Rezisto mai 1 kΩ a zafin 27°C, wanda shi ne zafin da ngspice ke ɗauka idan ba a faɗa masa wani ba, yana ba da kusan 4 nV/√Hz. Da na sa tazarar a 100 ns, faɗin firikwensin, wato 1/(2 × tazara), ya zama 5 MHz, saboda haka girman da ya kamata a rubuta, wato 4 nV/√Hz sau √(5 MHz), ya kama kusan 9 µV.

Don tabbatarwa, na haɗa reziston da kafasita mai 1 nF, tunda lissafin √(kT/C), inda k ke nufin lambar Boltzmann, T zafi a ma'aunin Kelvin, C kuma ƙimar kafasita, ya nuna cewa ya kamata a samu kusan 2 µV a kan kafasitar, ko nawa ne ƙimar reziston. Abin da kwaikwayon ya bayar ya zo daf da haka, bayan na tsawaita lokacinsa. A ganina kada kowa ya yarda da tushen hayaniyarsa kafin ya yi wannan gwaji.

Na kuma gwada 45°C saboda zafin ƙasar nan, ƙarin hayaniyar bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Yanzu na shiga hayaniyar 1/f ta taransisto, wato mai ƙaruwa yayin da firikwensi ke raguwa, wadda ke buƙatar kwaikwayo mai tsawo sosai kafin ƙananan firikwensi su bayyana.