Daga Titin Market Zuwa Bakin Teku a Motar da Ba Direba

Da hantsi na kira motar ta waya, zan tashi daga titin Market a San Francisco ta Amurka zuwa bakin tekun Ocean Beach. Farar Jaguar ce mai lantarki, ta kamfanin Waymo, wanda ya buɗe wa kowa hawa a birnin a Yunin 2024. A samanta akwai na'urar da ke harba hasken leza tana auna nisan duk abin da ke kewaye. Na shiga baya, na yi bisimilla, sitiyari ya soma murɗa kansa.

Tsoron bai daɗe ba, mutanen titi suka ɗauke mini hankali. A wata mararraba wata tsohuwa mai sanda ta tsaya bakin hanya tana leƙen gilashin gaba, tana neman idon direba. Wayam. Mota ta tsaya cak, ita ma ta ƙi motsi, kowa na jiran wani. Can ta taka a hankali, da ta kai tsakiya sai ta ɗaga wa kujerar da ba kowa hannu, alamar godiya. Ko a Kano haka muke tsallaka titi: ka kalli direba, ya gyaɗa kai ko ya ɗan yi maka fitila, ka wuce. Wannan kuwa ba fuskar da za ka karanta.

Wasu kuma sun gano lagonta. Wani mai keke ya gilma ta gabanmu ko waiwaye bai yi ba, wani direba ya kutso mana layi, don sun san ba ta fushi, ba ta zagi, kullum ita ke haƙuri. A ganina raini ne ya fi yawa a nan, ba yarda ba. A 2023 masu adawa da motocin sun riƙa ɗora musu mazugin roba na masu gyaran titi a kan bonet, sai su kasa tafiya. A Fabrairun 2024 ma taron jama'a ya ƙone ɗaya a unguwar Chinatown, sa'a ba fasinja a ciki.

Muka bi gefen lambun shaƙatawa na Golden Gate Park, hazo ya fara sauka, ta sauke ni dab da teku, sanyi na ratsa ƙashi. Da zan koma na hau jirgin ƙasa na cikin gari mai suna N Judah, don kuɗinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.