Albam huɗu na Daft Punk: yadda na jera su na saurara

Daft Punk makaɗa biyu ne masu kiɗan na'ura daga birnin Faris na Faransa, Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo. Sun kafa ƙungiyar a 1993, sun rabu a 2021. Da na tashi kwatanta albam ɗinsu huɗu, sai na fara da gyara kayan sauraro, domin sifikar waya ba ta fitar da amon bes, wato sauti mai kauri, kuma rabin wannan kiɗa a bes yake. Haka nan waƙoƙin da masu turawa ke lodawa a shagunan waya nan Sakkwato galibi an matse su don kada su cika memori, sai ƙarar farantin ƙarfen da ake bugawa tare da ganga ta koma shuuu. Na nemi fayil mai 320 kbps, wato wanda ba a matse sosai ba, da hedifon mai rufe kunne, na kuma daidaita ƙarfin sauti tsakanin albam da albam, don kunne kan ɗauka mai ƙara shi ne mai daɗi.

Homework na 1997 shi ya fi cin lokaci. Waƙa 16, sama da minti 70, an yi shi a gida da injinan ganga irin su Roland TR-909. A "Around the World" jimla ɗaya ake maimaitawa sau 144 cikin kimanin minti 7, kamar 'yan amshin Ɗanƙwairo sun riƙe baiti guda. Wanda ya bi muryar zai gaji tun minti na biyu. Ni bes na bi, ina ƙirga bugu: bayan kowane 16 ko 32 akan shigo da wani sauti ko a cire wani, ko a murɗa matatar sauti har kiɗan ya dusashe sannan a buɗe shi. A nan gwanintar take. Idan ka riƙa tsallaka waƙa gaba, ba za ka ji wannan ginin ba sam.

Discovery na 2001 ya fi saurin shiga rai. Muryar mawaƙi Romanthony a "One More Time" an bi ta da na'urar gyaran murya, sautin da duk mai jin waƙoƙin fina-finanmu ya saba da shi. Saurara da kyau, duk lokacin da babbar ganga ta buga sai sauran kiɗan ya ɗan lafa sannan ya dawo. Da gangan aka yi, shi ke sa jiki motsi. "Harder, Better, Faster, Stronger" kuwa an gina ta a kan yankin da aka ɗebo daga "Cola Bottle Baby" ta Edwin Birdsong. Na jera su biyun, ɗaukar a fili take.

Human After All na 2005 cikin mako shida aka haɗa shi, kuma ana ji. Maimaici ne ba tare da sauye-sauyen Homework ba.

Random Access Memories na 2013 wani abu ne daban: makaɗa na gaske a situdiyo, jitar Nile Rodgers, muryar Pharrell Williams, har ya ci lambar yabo ta Grammy ta albam mafi fice a 2014. Tsabtar sautinsa ta fi ta sauran, amma a ganina bai kai Homework tayar da filin rawa ba. Ga mai farawa, Discovery tukuna, sannan Homework da hedifon, a zauna a ji shi daga farko har ƙarshe.