Jirgin shaƙatawa da wuta ta ɗauke masa a tsakiyar teku

Duk sanda aka tado labarin jirgin ruwan nan Carnival Triumph a wajen hira, abin da mutanenmu ke fara yi dariya ce, wai Turawa an ɗauke musu wuta ta 'yan kwanaki sun cika duniya da kuka, mu da ake yi mana sati cur ko a jikinmu. Ni kam wannan dariyar ba ta cika shiga ta ba, don wallahi ba abu ɗaya ba ne. Kai in an ɗauke wuta a unguwarku ka tada janareta, in babu mai ka fito tsakar gida ka shimfiɗa tabarma, ga ɗan garuwa zai kawo ruwa, ga gawayi a kurfoti, masai kuma bai taɓa tambayar kowa lantarki ba. To su waɗannan bayin Allah suna cikin wani gari ne na ƙarfe da ke yawo a kan ruwa, wanda komai nasa a jikin waya yake rataye, kuma ba inda za ka fita ka ce bari in leƙa maƙwabta.

Ga yadda abin ya faru. Ranar Alhamis 7 ga Fabrairun 2013 jirgin ya tashi daga Galveston a jihar Teksas ta Amurka, tafiyar kwana huɗu ce, a je tsibirin Cozumel na ƙasar Meziko a sha iska a dawo ranar Litinin. Fasinjoji 3,143 ne a ciki, ma'aikata kuma 1,086, ka ga mutum sama da dubu huɗu ke nan. An je lafiya, ana kan hanyar dawowa sai da asubahin Lahadi 10 ga wata gobara ta tashi a ɗakin injin na baya, wani bututun mai ne na janareta mai lamba 6 ya yi yoyo, man ya fantsama kan ƙarfe mai zafi ya kama. Gobarar ma ba ta wani daɗe ba, na'urorin kashe wuta suka cinye ta, ba wanda ya mutu ba wanda ya ƙone. Amma ta riga ta lashe manyan wayoyin da ke rarraba lantarki, shi ke nan jirgi ya mutu murus, kimanin kilomita 240 daga gaɓar yankin Yucatan na Meziko.

Abin da da yawa ba su gane ba shi ne irin waɗannan manyan jiragen injinansu ba kai tsaye suke juya farfela ba. Janaretoci ne manya-manya na dizal ke samar da lantarki, lantarkin ne ke juya farfela, shi ne kuma ke riƙe da esi da firij da murhun kicin da lifta da famfon ruwa, duk daga tushe ɗaya. Akwai ƙaramin janareta na ko-ta-kwana, amma shi iyakarsa fitilun gaggawa da na'urorin sadarwa da 'yan abubuwan da ba a rasa ba, ba zai ɗauki gari guda ba.

Yanzu mu zo kan banɗaki, don gaskiya a nan masifar take, ku yi haƙuri da ni. Banɗakin jirgin ruwa ba irin na gida ba ne da ruwa ke zubowa daga tanki ya kora, na zuƙa ne kamar na jirgin sama, ka danna maɓalli ka ji fuuut iska ta ja komai ta wuce da shi, to injinan da ke yin wannan zuƙar su ma da lantarki suke aiki. Wuta na ɗaukewa kusan duk banɗakunan suka tsaya. Sai aka yi sanarwa a lasifika cewa mai jin fitsari ya yi a wurin wanka, mai babbar buƙata kuma ga jajayen ledoji nan ana rabawa, irin na zubar da sharar asibiti, ka yi a ciki ka ƙulle ka ajiye a bakin ƙofa ma'aikata su zo su kwashe. Ka duba fa, mutum ya tara kuɗinsa ya biya don a yi masa hidima kamar sarki, wata amarya ce, wani ya ɗauko tsohuwarsa ya kawo ta hutawa, sai ga shi an miƙo masa leda. Wasu suka ce su kam Allah ya kiyaye, suka ci gaba da amfani da banɗakin da ba ya tafiya har ya cika ya tumbatsa, ga jirgin ya karkata gefe guda don iska na dukansa kuma ba injin da zai miƙar da shi, sai ƙazantar ta riƙa dawowa ta magudanar wanka tana malala cikin ɗakuna da lunguna, kafet ya jiƙe sharkaf, kana takawa yana tsotsowa, a wasu wuraren ma har ta bango take gangarowa daga benen sama.

Sai zafi. Ɗakuna masu araha a irin wannan jirgi a ciki suke can ƙasa, ba taga ko ta leƙe, esi ne kaɗai ke ba su iska, da ya tsaya sai suka koma duhu da zafi da wari, ba mai iya kwana. Mutane suka riƙa jan katifunsu suna hawa bene da su a ƙafa tunda lifta ba ta aiki, aka baje a saman jirgi gefen wurin ninƙaya, aka ɗaɗɗaure zannuwan gado aka yi rumfuna saboda rana, hotunan da aka ɗauka daga helikwafta in ka gani sai ka rantse sansanin 'yan gudun hijira ne. Masu ɗaki da baranda su suka fi samun sauƙi, ka ga ko a cikin wahala mai kuɗi da nasa rabon daban. Da aka matsa arewa kuma sai sanyi ya sauko, waɗanda suka gudo wa zafi suka koma neman bargo.

Abinci ma dai haka. Firij ya mutu, murhu ba ya aiki, sai burodi da abin da ya samu, labarin da ya fi yawo shi ne na burodi da albasa a tsakiya, a kan layin da mutum zai yi awanni a tsaye, in ya iso gaba kuma ya tarar na farko sun ɗebi fiye da cikinsu sun ɓoye don ba wanda ya san gobe. Ɗan Adam ke nan. Wasu jiragen kamfanin Carnival mai wannan jirgi, irin su Elation da Legend da Conquest, sun biyo sun sauke musu kayan abinci, kuma duk sanda ɗaya ya matso sai ka ga jama'a sun ruga gefe guda kowa ya ɗaga waya sama ko zai samu netwok ɗin wancan jirgin ya shaida wa gida yana raye. Caji kuwa 'yan soket ɗin da ke da wuta aka yi wa dandazo, waya a kan waya. A wani dare shugabannin jirgin suka ce a raba giya kyauta wai don a kwantar wa mutane hankali, ni dai har yau na kasa gane wanda ya kawo wannan shawarar, mutane dubu uku cikin ɓacin rai ba banɗaki ka ƙara musu da giya, ai kuwa ba a daɗe ba aka rufe.

Da farko an shirya jan jirgin zuwa Progreso a Meziko don nan ne kusa, amma kafin jiragen da za su ja shi su iso igiyar ruwa ta tura shi arewa wajen kilomita 145, ga kuma fasinjoji kusan 900 da ba su da fasfo, shigo da su Amurka daga wata ƙasa zai zama wani aikin, sai aka ce a nufi Mobile a jihar Alabama. Haka aka riƙa jansa a hankali kamar ba a so, a ranar ƙarshe ma igiyar jan ta tsinke sai da aka sake ɗaurawa.

Waɗanda ni suka fi ba ni tausayi ma'aikatan ne. Yawancin masu irin wannan aikin daga ƙasashe irin su Filifin da Indonesiya da Indiya suke zuwa, su bar iyali wata da watanni, ɗakunansu ne a can ƙarƙashi inda ya fi ko'ina zafi, kuma su ne masu bi lungu-lungu suna tattara jajayen ledojin nan da hannunsu, su goge, su raba abinci, su kuma yi wa mai zaginsu murmushi. Fasinjojin da suka sauka suna tsine wa tafiyar ma kusan bakinsu ɗaya wajen yaba wa ma'aikatan.

Daren Alhamis 14 ga Fabrairu aka isa Mobile, CNN ta wuni tana nuna shigowarsu kai tsaye, wasu na sauka suka durƙusa suka sumbaci ƙasa. Shugaban kamfanin na lokacin, Gerry Cahill, ya zo ya ba da haƙuri, aka ce za a mayar wa kowa kuɗin tikitinsa, a ƙara masa dala 500, a kuma ba shi damar wata tafiyar kyauta, kai jama'a, wanda ya sha wannan a ce masa ya dawo a sake! Abin dariya abin takaici, ɗaya daga cikin bas-bas ɗin da suka kwashi mutane zuwa New Orleans ita ma ta lalace a hanya cikin dare. Waɗanda suka kai ƙara kotu kuwa sai lauyoyin kamfanin suka buɗo musu ƙananan rubutun da ke jikin tikiti, wanda ba mai karantawa, suka ce yarjejeniyar ba ta yi wa kowa alƙawarin tafiya lami lafiya ko abinci mai kyau ko wurin zama mai tsafta ba.

Kuma abin haushin ba wannan ne karon farko ba, a Nuwamban 2010 wani jirgin nasu, Carnival Splendor, ya yi irin wannan gobarar ta ɗakin injin a gaɓar Meziko ta ɓangaren tekun Pasifik, mutane wajen 4,500 suka zauna ba wuta har sai da jirgin yaƙin Amurka USS Ronald Reagan ya kai musu abincin gwangwani, aka ja su zuwa San Diego. Sai bayan na Triumph ne kamfanin ya sanar zai kashe sama da dala miliyan 300 wajen gyaran jiragensa, a inganta na'urorin kashe gobara, a kuma saka wa kowane jirgi ƙarin janaretan ko-ta-kwana da zai iya ɗaukar banɗakuna da ruwan sha da lifta. Shi kuwa Triumph an yi masa kwaskwarima a 2019 aka sauya masa suna zuwa Carnival Sunrise, ya ci gaba da ɗaukar fasinja abinsa.