Makullin ƙarfe da ke ɓoye cikin rimot ɗin mota da zamana a Winnipeg

Duk wanda ya sauka a Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a ƙasar Kanada, ba ya daɗewa yake gane cewa mota a nan tana cikin kayan bukata na farko, domin unguwanni suna da nisa da juna, kuma tsayuwa a tashar bas a watan Janairu, lokacin da sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, ba ƙaramar wahala ba ce. Saboda haka da na samu aiki na kuma kammala batun lasisin tuƙi, wanda hukumar inshorar motoci ta lardin, wato MPI, take bayarwa, sai na shiga neman mota ta hannu.

Wani dattijo ɗan ƙasarmu da ya daɗe a garin ne ya raka ni. Motar da muka gani irin wadda ake tayarwa da madanni ce, ba ta da ramin makulli a gefen sitiyari. Ni hankalina yana kan inji da taya da tsatsar ƙarƙashin mota, shi kuwa sai ya karɓi rimot ɗin, ya juya bayansa, ya tura wani ɗan ƙaramin sakata da farce, ya zaro siririn makullin ƙarfe daga ciki. Ya ce mini, "Ƙanena, kada ka biya ko sisi sai wannan ya buɗe ƙofar nan a gaban idonka." Na ce, "To, Yaya." Ya gwada, makullin ya juya, sannan muka shiga maganar kuɗi.

Daga baya na fahimci dalilin wannan tsanani nasa. Motocin hannu sukan zo da rimot ɗin da aka sauya bayan na asali ya ɓace, kuma wani lokaci ana haɗa sabon rimot da kwamfutar mota amma a bar makullin ƙarfen da ke cikinsa sumul, ba a yanka masa haƙora ba. Wani kuma yakan zo babu makullin gaba ɗaya, ramin kawai ya rage. Mai irin wannan mota zai iya yin shekara yana tuƙi lafiya bai san yana da matsala ba, tunda rimot yana aiki, sai ranar da ya fi bukatar makullin.

Rimot yana amfani da ɗan batir mai kama da kwabo, mai ƙarfin bolt 3. Wanda aka fi samu shi ne mai lamba CR2032, ko da yake akwai motocin da ke ɗaukar CR2025 ko CR2450, kuma lambar tana rubuce a jikin tsohon batirin. Yakan yi 'yan shekaru yana aiki, amma sanyi mai tsanani yana rage masa ƙarfi, ta yadda batirin da ke lallaɓawa a watan Oktoba zai iya kasawa a tsakiyar hunturu. Alamunsa suna zuwa da wuri: mutum zai ga sai ya matso kusa da mota sosai kafin ta amsa, ko sai ya danna sau da yawa, kuma motoci da dama suna nuna gargaɗi a allon gaban direba.

Nawa ya mutu ne wani dare bayan na tashi daga aiki, a filin ajiye motoci da babu kowa, ga iska tana kaɗawa. Hukumar kula da yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai tsakanin 28 da 39 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba za ta iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Wannan shi ya bambanta lamarin da yadda na san shi a gida, inda mota idan ta ƙi buɗuwa sai mutum ya nemi inuwa ya kira bakanike, ko yaron shagonsa ya zo a kan babur. A nan akwai masu kawo ɗauki a hanya, irin su ƙungiyar CAA ga wanda ya yi rajista da ita, amma a ranakun da sanyi ya tsananta kiran da suke samu yana da yawa ƙwarai, jira kuma yakan yi tsawo.

Zaro makullin ba shi da wuya. Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne neman ramin da za a zura shi, domin masu ƙera motoci da yawa sun ɓoye shi saboda ado. Yawanci rami ɗaya ne tak, a ƙofar direba. A wasu motocin yana fili, a wasu kuma yana ƙarƙashin wani murfin roba da ke ƙarshen mariƙin ƙofa. Idan aka leƙa ƙasan murfin za a ga ɗan tsagi, a sa bakin makullin a ciki a ɗaga a hankali har murfin ya fita. Ina jaddada a hankali, domin roba tana yin tauri a cikin sanyi, kuma wanda ya yi da ƙarfi zai iya karya ta. Ni na cire safar hannu ta dama na ɗan lokaci, na buɗe, na shiga.

Da na buɗe ƙofar sai jiniyar mota ta ɗauka. Haka motoci da yawa suke yi idan an kulle su da rimot aka buɗe da makulli, kuma tana yin shiru da zarar an tayar da inji. Ga baƙo a ƙasar da ba tasa ba, da tsakar dare, wannan ƙara tana iya tayar da hankali fiye da sanyin kansa, shi ya sa nake ganin ya kamata a gaya wa kowane sabon zuwa tun kafin ta same shi.

Saura tayar da mota, kuma makullin ƙarfen ba shi da aiki a nan. A cikin rimot akwai wani ɗan guntun na'ura da ba ya bukatar batir, yana samun wutar da yake bukata daga motar idan an kawo shi dab da wurin da aka tanada. A yawancin motocin Toyota da Honda da Nissan da Hyundai, mutum zai taka birki, ya kanga rimot ɗin a jikin madannin tayar da mota, sannan ya danna. Motocin Ford da Chevrolet da dama kuwa suna da wani gurbi na musamman, a cikin akwatin da ke tsakanin kujerun gaba ko wurin ajiye kofi, inda ake ɗora rimot ɗin. Littafin da ke zuwa da mota yana nuna wurin, kuma ya fi kyau a karanta shafin a ɗaki da rana. Tawa ta tashi a dannawar farko.

Akwai wani yanayin da ke kama da wannan amma ba ɗaya ba ne. Idan babban batirin mota ne ya mutu, abin da ke yawan faruwa a nan ga wanda bai jona na'urar ɗumama inji da wutar lantarki cikin dare ba, rimot mai sabon batir ma ba zai buɗe komai ba. Ana ganewa idan an shiga aka ga fitilar ciki ba ta kama ba. A nan ma makullin ƙarfen ne kaɗai hanyar shiga a buɗe bonet a jona batirin da na wata mota, tunda mota mai giyar otomatik ba ta tashi da turi.

Abin da na fi damuwa da shi yanzu shi ne ramin makullin kansa. Wuri ne da ba a taɓa shi shekara da shekaru, ga yashi da gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara, ga ruwa da ke shiga ya daskare, har ya kai makulli mai kyau ya shiga ya ƙi juyawa. Kowace kaka, lokacin da nake sauya tayoyi zuwa na hunturu, nakan zura makullin in juya shi dama da hagu, in fesa masa man da aka yi don makullai. Ruwan zafi bai dace ba ko kaɗan, domin yana narkar da ƙanƙarar na ɗan lokaci sannan ya daskare a ciki fiye da dā. Akwai ƙaramar kwalbar maganin narkar da ƙanƙarar makulli da ake sayarwa, kuma wurinta aljihun rigar sanyi ne, saboda wadda aka bari a cikin mota ba ta da amfani ga wanda ke tsaye a waje.

Sabon batirin rimot 'yan daloli ne a kantin magani ko babban kanti, kuma a rimot da yawa bakin makullin ƙarfen ne ake sawa a tsagi a raba gidan biyu a sauya shi, alhali sabon rimot daga wurin dila yana cin ɗaruruwan daloli. Tsohon batirin kuwa ba na barinsa inda yara za su kai hannu, domin haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. Matata tana riƙe da rimot na biyu, kuma ranar da na sauya batirin nawa na sauya nata, muka fita tare ta cire murfin mariƙin ƙofar da hannunta, ta buɗe, ta tayar da motar ta hanyar kanga rimot a jikin madanni.