Daga Kasuwar Gumi zuwa taɓon Oron

Sana'ata sayar da busasshen kifi da jatan lande a Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna, sarin kuwa daga Oron nake yo shi, can jihar Akwa Ibom. Da kaya suka fara ƙaranci, kuɗin buhu na ta hawa, sai na tambayi matar da ke haɗa mini kaya dalili. Ba ta ce komai ba, ta sa ɗanta ya kai ni cikin kwalekwale.

Bishiyoyin mangurof ne a bakin ruwan, masu tsayawa kan dogayen saiwoyi a cikin taɓo. A tsakanin saiwoyin nan ƙananan kifaye da jatan lande ke girma kafin su fita teku. Wurare da dama an sare su ƙaf, mafi yawa don itacen banda, wato bandar kifin da ni da ire-irena muke saye. Inda aka sare kuma kwakwar nifa ta mamaye, wadda aka kawo Kalaba a 1906. Ita ba ta da irin saiwoyin da kifi ke fakewa, kuma ba ta barin wani tsiro ya tashi.

Na bi masunta dashen mangurof. Irin dogo ne kamar fensir, ana soka shi a taɓo idan ruwa ya janye. A baka abu ne mai sauƙi. Ƙafa na nitsewa har gwiwa, sauro bai san baƙo ba, ruwan kuma ba ya jiran kowa: lokacinsa na yi zai dawo. Abin da na lura, soka irin shi ne ƙaramin aiki. Babban shi ne komawa a kai a kai, a tsince 'ya'yan nifa da ledojin da igiyar ruwa ke jibgewa kan dashen, a maye gurbin wanda ƙaguwa ta cinye.

Ledojin nan sun tsaya mini a rai. Kogin Kaduna a kogin Neja yake zubewa kusa da Pategi, Neja kuma teku ta nufa. Da na faɗa wa maƙwabcina a kasuwa, dariya ya yi: "Haba Alhaji, ina mu ina teku?" Amma da na ce mu riƙa tara ledojin layinmu a buhu maimakon turawa kwata, shi ya fara kawo buhun. Har yanzu dai muna jayayya kan wanda zai biya mai baro.