Laraba: ranar da kwandunan sayayya suka ɓace

Ƙarfe tara da 'yan mintuna muka fara ɗora sabon salon manhajar shagonmu na intanet, kuma na zauna da tunanin kafin sha ɗaya an gama. Sabobi uku gare mu, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafin, duka Tomcat ne a kansu, manhajar da ke gudanar da shafukan da aka rubuta da yaren Java, a gabansu akwai mai raba baƙi da ke tura kowa inda ya dace. Tsarin da muka saba shi ne a sauke saba ɗaya, a sabunta ta, a tayar da ita, sannan a koma ta gaba, don kada shafin ya tsaya ko na minti ɗaya. Na sauke ta uku lafiya lau. Mutanen da ke kanta suka watsu zuwa ta ɗaya da ta biyu, babu wanda ya ji ko gezau. Na tayar da ita da sabon kod, na sauke ta biyu. Ba a yi minti goma ba sai ga saƙon mai kula da koke-koken abokan ciniki: mutane na cewa sun cika kwando da kaya, sun danna biya, sai shafin ya ce su sake shiga, kwandon kuma wayam.

Oga ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya dai?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni rabin awa." Rabin awar nan ita ce ta kai ni la'asar.

Bari in rubuta yadda abin yake tun ina tune. HTTP, tsarin da birawuza da saba ke magana da shi, ba ya riƙe komai a ka. Duk buƙatar da birawuza ta aiko, sabar na ganinta kamar baƙon da ba ta taɓa gani ba. Shi ya sa tun 1994 Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro kuki, ɗan rubutun da saba ke ba birawuza ta riƙa dawo da shi duk zuwan da za ta yi. A wajenmu kukin sunansa JSESSIONID, kuma ba komai ne a cikinsa ba sai lambar shaida. Ainihin kayan, wato wane ne kai da abin da ka zuba a kwando, suna zaune a ƙwaƙwalwar sabar, su muke kira bayanan zama. Da saba ɗaya ce, shi ke nan. Da suka zama uku, dole kowace ta sami kwafin abin da 'yar'uwarta ta riƙe, in ba haka ba ranar da ɗaya ta faɗi ta tafi da mutanenta. To abin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba ya bin waya yadda yake, sai an warware shi an jera shi bayit bayan bayit, an aika, can kuma a sake haɗa shi. Ni ɗaurin kaya nake ce wa wannan aikin, ɗaya ɓangaren kuma kwance kaya.

Na buɗe rajistar saba ta uku, inda take rubuta duk abin da ya faru, sai ga InvalidClassException jere reras, saƙon kuskuren da ke cewa ƙunshin da aka aiko bai dace da kod ɗinta ba. Nan take na san laifin wa ne, don ni na ƙara wani sabon gurbi a ajin kwando, wato tsarin da kod ya zana wa kwando, makon jiya, na ajiye lambobin rangwame. Java, tun salon 1.1 na shekarar 1997, tana manna wa kowane aji da za a ɗaure wata lamba mai suna serialVersionUID. Idan ka rubuta ta da hannunka, taka za a ɗauka. Idan ba ka rubuta ba, Java za ta lissafo ta daga sunan ajin da guraben cikinsa da hanyoyinsa, kuma da ka taɓa ɗaya daga cikinsu lambar ta sauya. Mu ba mu taɓa rubuta ta ba. Saba ta uku ta tashi, ta roƙi 'yan'uwanta su turo mata bayanan zaman da ke hannunsu, suka turo, ta duba lambar da ke jikin ƙunshin ta ga ba tata ba ce, ta ƙi kwancewa. Ta ci gaba da aiki hannu rabbana. Da na sauke ta biyu, duk wanda rabo ya kai shi ta uku ya tarar ba a san shi ba.

Abin haushin shi ne gwaje-gwajenmu duka sun wuce, domin ba mu taɓa gwada tsohon salo da sabo suna magana da juna ba. A ranar sabuntawa kuwa dole su zauna tare, ko da na minti ashirin ne.

Na mayar da ta uku kan tsohon kod, koke-koke suka lafa. Maganin bai da wuya. Akwai wani ɗan kayan aiki da ke zuwa tare da Java mai suna serialver, na nuna masa tsohon ajin ya ba ni lambarsa, na kafe ta a cikin sabon. Ƙara gurbi canji ne da Java ke yarda da shi muddin lambar ɗaya ce: tsohon aji ya yi watsi da gurbin da bai sani ba, sabo kuma ya bar shi fanko. Na gwada a sabobin gwaji, sai NullPointerException ta tarbe ni, kuskuren da ke fitowa idan kod ya nemi amfani da abin da babu shi. Na manta cewa lokacin kwance kaya ba a bi ta hanyar da aka saba gina abu, don haka jerin rangwamen da na ce ya fara a matsayin jeri marar komai bai ma samu ba sam. Sai da na rubuta readObject, ɗan kod ɗin da Java ke kira lokacin kwance kaya, na ce idan an tarar da shi babu, a ƙirƙiro shi.

Da na tsaya nan da na tashi da wuri. Amma tunda rajistar na buɗe, na ci gaba da gangarawa baya, sai na ci karo da NotSerializableException, kuskuren da ke cewa wani abu ya ƙi ɗauruwa, da ta yi makonni tana fitowa babu mai kula ta. Wani abokin aikinmu ya ajiye bayanan mai amfani a zama, a cikinsu kuma ya cusa igiyar haɗi da rumbun bayanai, wai don kada a riƙa buɗe sabuwa. Mun sa alamar distributable a fayil ɗin saituna na web.xml, mai nuna cewa za a riƙa kwafin zama tsakanin sabobi, kuma Tomcat na ƙin karɓar abin da ba ya ɗauruwa, amma fatar waje kawai yake dubawa. Na wajen ya ce shi Serializable ne, wato mai ɗauruwa, aka bar shi ya wuce, sai an zo ɗauri a tarar da abin da ke cikin cikinsa. Igiyar haɗi kuwa ba ta da ma'ana a wata na'urar, soket ce da ke buɗe a wannan sabar kaɗai. Na kira shi na ce, "Abokina, zo ka ga aikinka." Ya yi dariya ya ce a sa mata transient a huta, tunda kalmar na hana a ɗaure gurbi. Gaskiya ne, amma can za ta iso fanko, mu koma gidan jiya. Muka cire ta gaba ɗaya, aka bar lambar mai amfani kawai.

Kuskure na uku shi ya fi ba ni tsoro, don ba ya barin sawu a rajista. Muna amfani da DeltaManager, sashen Tomcat mai kwafin zama, wanda ke aika canji kaɗai zuwa sauran sabobin, kuma yana gane an yi canji ne idan an kira setAttribute, umarnin ajiye abu a zama. A wurare biyu kod ɗinmu na ɗauko kwandon, ya ƙara kaya a ciki, ya tafi abinsa bai mayar ba. A sabar da mutum yake komai daidai, tunda abu ɗaya ne a ƙwaƙwalwa. Sauran kuwa tsohon kwando suke riƙe da shi. Abin da ya rufa mana asiri shi ne jvmRoute, wanda ke liƙa sunan saba a ƙarshen lambar kukin don mai raba baƙi ya riƙa mayar da kowa inda ya fara. Wato an daɗe ana kwafin da bai cika ba, muna ta bugun ƙirji cewa ko saba ta faɗi ba abin da zai ɓace.

Da yamma Oga ya tambaya ko mu koma Redis kawai, wani rumbun bayanai na daban, ta hanyar kayan aikin Spring Session, a tara bayanan zama wuri guda. Na ce ina goyon baya, musamman da yake ana maganar ƙara sabobi, kuma takardun Tomcat da kansu sun ce tsarin kowa ya aika wa kowa bai dace da rukunin da ya haura huɗu ko makamancin haka ba, sai dai BackupManager mai ajiye kwafi a saba ɗaya tak. Amma na gaya masa Redis ba zai raba mu da matsalar yau ba idan da ɗaurin Java za mu zuba kayan a ciki, lambar aji za ta biyo mu har can. Ni na fi son JSON, tsarin ajiye bayanai da rubutu zalla, wanda mutum zai buɗe ya karanta da idonsa. Ga kuma batun tsaro. Tun 2015, da Chris Frohoff da Gabriel Lawrence suka nuna yadda ake haɗa ƙunshin mugunta, har da azuzuwan Apache Commons Collections, ya sa saba ta aiwatar da umarnin maharbi lokacin kwancewa, duk inda na ga rubutun da ya fara da rO0AB, alamar ƙunshin ɗaurin Java, sai gabana ya faɗi. Java 9 ta zo da matatar da ke iyakance azuzuwan da za a yarda a kwance, an kuma mayar da ita baya zuwa Java 8, amma mu ko kunna ta ba mu yi ba. Na rubuta wannan a jerin aikin gobe, tare da duba ko tashar 4000 da sabobin ke musayar bayanai ta cikinta a rufe take ga na waje.

Ƙarfe shida saura muka sake ɗorawa. Wannan karon na buɗe shafin da kaina, na zuba kaya uku a kwando, na duba kukin na ga ina kan saba ta biyu, na kashe ta da hannuna. Na sabunta shafin, ƙarshen lambar ya koma na ta uku, kayana uku suna nan. Na ƙara na huɗu, na kashe ta uku ma, ta ɗaya ta karɓe ni da huɗun cif.

Kafin in rufe kwamfuta na auna girman zama guda don son sani, na tarar wani tsohon kod na ajiye dukan sakamakon binciken da mutum ya yi na ƙarshe a ciki, ana ta jigilarsa tsakanin sabobi har zaman ya mutu bayan minti 30 na rashin motsi. Ban taɓa shi ba, idona ya gaji. Na dai bar wa wanda ya rubuta shi saƙo cewa mu haɗu ƙarfe goma.